Ƙanƙarar da ba ta ruwa ba: daga dutsen Kufena zuwa duniyar Fuluto

Kalmar ƙanƙara tana ɗauke da kaya uku a Hausa. Ita ce tsakuwar da kan zubo daga sama a farkon damina, ta yayyaga ganyen masara, ta yi ta ƙwanƙwasar kwanon rufi har hira ta gagara. Ita ce daskararren ruwan da ake bi wa layi da la'asar a watan azumi, a ƙofar duk gidan da ya dace da firiza da wutar da ta zauna. Ita ce kuma, a bakin tsofaffi, ɗan dutsen nan mai tauri da ake bugawa da ƙyastu, tartsatsi ya tashi ya kama auduga, tun kafin ashana ta shigo kasuwa. Wannan ma'ana ta uku ta kusa ɓacewa, kuma ɗan makarantar da ya ji ta a yau zai ɗauka magabata sun yi ruɗu ne, tun da an koya masa cewa dutse daban, ƙanƙara daban: ɗaya ana gina gida da shi, ɗaya tana narkewa a cikin kofin zoɓo.

Akwai wata duniya, can a gefen dangin rana, inda wannan bambanci bai da aiki. A can, ruwa ne dutsen da tsaunuka suka tsaya a kansa, iskar da ake shaƙa a Zariya kuma ita ce ƙanƙarar da ke kwance a ƙasa, tana malala a hankali. Sunanta Fuluto. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ta kuwa ita ce a fara da dutsen da mutanen Zazzau suka fi sani.

Dutsen da ya taɓa zama ruwa

Kufena yana tsaye yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa, shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tarihin baka ya ce sarakunan Zazzau sun zauna a gindinsa bayan sun baro Turunku, kafin a kafa birnin da ake ciki yanzu, kuma har yau akwai burbushin tsohuwar ganuwa a kewayensa. Ga wanda ya tashi yana ganin sa kullum safiya, Kufena shi ne ma'aunin abin da ba ya motsi. Damina ta zo ta wuce, sarauta ta sauya hannu, layin dogo ya iso, jami'a ta tashi a Samaru, shi yana nan yadda yake.

Masana ilimin duwatsu suna da wani labarin. Kufena dutsen giranit ne, irin wanda ya samu sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo suka haɗe. A wancan zamani abin da ya zama Kufena narkakke ne, yana kwance a can ƙarƙashin ƙasa cikin zafin da ya haura digiri 600, yana da kauri kamar talge. A hankali ya huce, ya daskare. Wanda ya ɗauki ɓallinsa ya duba da kyau zai ga ƙwayoyi manya-manya, wasu farare, wasu ruwan hoda, wasu baƙaƙe masu ƙyalli, kuma girman ƙwayoyin nan shi ne shaidar cewa hucewar ta ɗauki dogon lokaci. Daga baya ruwan sama da iska suka kwashe ƙasar da ta rufe shi, ya bayyana a fili.

Ke nan Kufena ma daskararren abu ne. Dalilin da ya sa ba a kiran sa ƙanƙara shi ne zafin da zai narkar da shi ya yi nisa da zafin da ɗan Adam ke rayuwa a ciki. Kusan kowane abu yana da matakin da yake daskarewa da matakin da yake tafasa, kuma sunan da ake ba shi, dutse ko ruwa ko iska, ya danganta ne ga zafin wurin da mai ba da sunan yake tsaye. A Zariya, inda sanyin hunturu mafi tsanani ba ya kaiwa sifili, giranit dutse ne, ruwa yana gudu a rafin Kubanni, naitirojin kuma iska ce. In aka sauke ma'aunin zafi ƙasa da digiri sama da ɗari biyu, sai kowane ɗayansu ya matsa ya ɗauki matsayin na gabansa.

Iskoki uku da kowa ya sani

Wani saurayi ɗan manoma mai suna Clyde Tombaugh ne ya gano Fuluto ranar 18 ga Fabrairu 1930, a cibiyar kallon taurari ta Lowell da ke jihar Arizona ta Amurka, ta hanyar gwada hotuna biyu na sashe ɗaya na sama, ya ga wani ɗigon haske ya gusa. Malaman falaki na ƙasar Hausa sun san Zuhura da Mirriku da Mushtari da Zuhalu, talakawa sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, amma babu idon da ya taɓa ganin Fuluto ba tare da madubin hangen nesa ba. Matsakaicin nisanta daga rana ya kai kilomita biliyan 5.9, wato kusan ninki 40 na nisan da ke tsakanin rana da wannan duniya. Faɗinta kilomita 2,377 ne, bai kai na wata ba. Tsakar ranarta ba ta fi hasken da kan saura bayan faɗuwar rana, gab da kiran magariba, ba. Sanyin samanta kuwa yana wajen digiri 230 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos.

Shekara 76 ana lissafa ta a matsayin duniya ta tara. Ranar 24 ga Agusta 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya, a taronta na birnin Prague, ta sauke ta zuwa wani sabon rukuni da aka kira wadannin duniyoyi, bayan an gano wata mai kusan girmanta, Eris, a shekarar 2005. Sauyin suna bai taɓa ko ƙwayar abin da ke samanta ba, kuma abin da ke samanta iskoki uku ne da babu ɗan Zariyan da bai taɓa hulɗa da su ba.

Ta farko naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke shiga huhu ita ce. Ita manomi ke nema in ya sayi buhun yuriya, ita ce kuma saiwar wake da gyaɗa ke kamowa ta ajiye a ƙasa, abin da masu binciken aikin gona a Samaru suka daɗe suna nazari a kai. Tana zama ruwa a digiri 196 ƙasa da sifili, kuma a wannan ruwan ake adana irin bijimai a wuraren da ake yi wa shanu baye da allura, aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta sani. Ma'aikacin da ya buɗe irin wannan tulu, farin tururi ya taso masa, shi ne mutumin da ya fi kowa kusantar sanyin Fuluto a ƙasar Zazzau. In aka ƙara sanyin da digiri 14 kacal, zuwa 210, sai ruwan ya daskare.

Ta biyu metan. Ita ce iskar da ke fitowa daga tumbin saniya, da tarin kashin dabbobi, da fadamar da ganye ke ruɓewa a cikinta. Ita ce mafi yawan gas ɗin da aka shimfiɗa wa bututu daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ko da yake ba ita ce ake ɗurawa a tukunyar gas ta girki ba. Tana daskarewa a digiri 182 ƙasa da sifili.

Ta uku ita ce mai ban tsoro, kabon monoksayid, gubar da ke cikin hayaƙin janareta da garwashin gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce kan kashe iyali guda cikin barci idan aka kunna janareta a cikin gida aka rufe ƙofa, ko aka shigar da kaskon wuta ɗaki a daren hunturu aka toshe tagogi, domin tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Tana daskarewa a digiri 205 ƙasa da sifili.

A Fuluto dukansu uku sun wuce matakin daskarewa. Abin da ba a gani a nan, a can ana iya taka shi.

Wa ya je ya taɓa?

A wani gida a gindin dutsen, wata ɗalibar sakandare ta karanta wa kakanta irin wannan bayani daga littafinta, tana ɗoki. Tsohon ya saurara har ta kai aya, sannan ya ce, "To amarya, shi wanda ya rubuta, ya je can ne ya taɓa ta, ko ya lasa?" Ta ce, "Haba Baba Tsoho, ai littafi ne ya faɗa." Ya yi murmushi ya ce, "Takarda ai ba ta ƙin tawada."

Tsohon ya fi jikarsa gaskiya a wannan zance. Tambayarsa ita ce tambayar da kimiyya ta ginu a kanta, amsar yarinyar kuma ita ce amsar da ke mai da kimiyya ta zama jita-jita mai ɗauke da hatimi. Wanda ya yarda akwai ƙanƙarar naitirojin a Fuluto don kawai an rubuta, ba shi da abin da zai kare kansa da shi ranar da aka turo masa wani rubutun a WhatsApp mai cewa akasin haka. Ba tsohon kaɗai ya taɓa yin wannan shakka ba. A shekarar 1835 masanin falsafar nan na Faransa, Auguste Comte, ya kawo sinadaran da taurari suka ƙunsa a matsayin misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba har abada. Ba a cika shekara talatin ba aka fara karanta su.

Amsar tana cikin bakan gizo. Yara kan ce in ya fito ya shanye ruwan sama, amma abin da yake nunawa shi ne farin hasken rana kitso ne na launuka da yawa, ɗigon ruwa kuma yana tsefe shi. Tun wajen shekarar 1300 malamin Farisa Kamaluddin al-Farisi ya gwada haka da ƙwallon gilashi cike da ruwa, yana bin sawun littafin Ibn al-Haisam kan gani da haske. A 1814 Bajamushe Joseph von Fraunhofer ya tsefe hasken rana da kyau, ya tarar da ɗaruruwan baƙaƙen layuka siriri a tsakanin launukan, kamar an zare wasu zarurruka daga saƙa. Wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano ma'anarsu: kowane sinadari yana da launukan da yake haɗiyewa ko yake fitarwa, nasa shi kaɗai, kamar zanen yatsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a rayuwar yau da kullum. Uwar gidan da miyarta ta tafasa ta zubo a kan wutar gas, ta ga harshen wutar ya koma rawaya, ta ga sa-hannun gishiri. Marini ya san zanen da ya fito daga karofi yana zama shuɗi, kuma dalilin shi ne baba yana haɗiye wasu launuka na hasken da ya sauka a kai, ya mayar wa ido sauran. Haka ƙanƙarar Fuluto take yi. Hasken rana yana tafiyar sama da awa huɗu ya isa can, ƙanƙarar ta ɗebi rabonta, ragowar ya dawo. Wanda ya tsefe ragowar ya ga inda aka yi giɓi, ya san wa ya ci. Yawancin giɓin yana cikin hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani amma fata kan ji shi a matsayin ɗumi, don haka na'ura ce ke karanta shi.

A Zariya ma ana irin wannan karatu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004. Akan sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a ciki, ƙwayoyin niyutiron su buge shi, shi kuma ya fitar da wani haske mai ƙarfi da ake kira gama. Daga yanayin hasken ake sanin sinadaran da ke cikin samfurin da yawan kowanne. Na'urorin sun bambanta da na masu kallon taurari, amma tunanin ɗaya ne: abu yana faɗin sunansa ta hanyar haske, ko yana cikin kwalba a Samaru ko yana nisan kilomita biliyan biyar.

Da haka aka bi Fuluto daki-daki. A 1976 Dale Cruikshank da Carl Pilcher da David Morrison, da babban madubin Kitt Peak a Arizona, suka ga alamar daskararriyar metan. A 1988 Fuluto ta gifta ta gaban wani tauraro, haskensa ya dusashe a hankali maimakon ya ɗauke farat ɗaya, aka tabbatar tana da iska a kewaye da ita. A 1992 Tobias Owen da abokan aikinsa, daga kan tsaunin Mauna Kea a Hawaii, suka ga alamar naitirojin da ta kabon monoksayid. Alamar naitirojin tana da rauni ƙwarai, don haka ganin ta ma kaɗai ya nuna cewa tana da yawan gaske. Har ila yau an lura giɓin metan ya ɗan gusa daga inda yake zama a ɗakin gwaji, kuma irin wannan gusawa tana faruwa ne idan metan ɗin ta narke a cikin ƙanƙarar naitirojin, yadda sukari kan ɓace a cikin kunu. Duk wannan an san shi tun Fuluto tana ɗigon haske, babu wanda ya san kamannin fuskarta.

Ranar da aka ga fuskarta

Kumbon New Horizons na hukumar NASA ya tashi ranar 19 ga Janairu 2006, ƙarƙashin jagorancin Alan Stern, ɗauke da ɗan tokar gawar Tombaugh. Bayan tafiyar shekara tara da rabi, ranar 14 ga Yuli 2015, ya wuce ta gefen Fuluto da tazarar kilomita 12,500. Bai tsaya ba, don gudunsa ya fi ƙarfin birki. Ya kwashi hotuna da ma'aunai cikin 'yan awoyi, sannan ya shafe sama da wata goma sha biyar yana turo su gida kaɗan-kaɗan, kowane saƙo yana tafiyar awa huɗu da rabi. Abin da aka karanta daga nesa shekaru da dama kafin nan ya tabbata. Abin da ya ƙaru shi ne taswira: wace ƙanƙara ce take ina, kuma me take yi.

Abin da ya fi ɗaukar ido wani farin fili ne mai siffar zuciya. Rabinsa na yamma, wanda aka sa wa suna Sputnik Planitia, kwari ne mai faɗin kimanin kilomita 1,000, girmansa ya doshi na Nijeriya, cike da ƙanƙarar naitirojin haɗe da kabon monoksayid da ɗan metan. Ba a ga ramin faɗuwar dutsen sama ko ɗaya a kansa ba, alhali sauran sassan Fuluto sun sha jifa. Fuskar da ba ta da tabo a irin wannan wuri sabuwa ce, an ƙiyasta ba ta wuce shekara miliyan 10 ba. An kuma ga filin ya rarrabu gida-gida kamar bayan kunkuru, kowane gida mai faɗin kilomita 10 zuwa 40, wato babbansu ya kai rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna.

Mai tuƙa tuwo ta san wannan siffa. In talge ya ɗauki zafi daga gindin tukunya, yakan taso a tsakiya, ya bazu, ya huce, ya nutse ta gefe. Ƙanƙarar naitirojin tana da laushi, ga shi kuma sanyin Fuluto bai yi nisa sosai da matakin narkewarta ba. Ɗan ɗumin da ke fitowa daga cikin Fuluto, wanda sinadarai masu tururin nukiliya a cikin duwatsun cibiyarta ke samarwa, ya isa ya riƙa juya ta. Gudun juyawar bai wuce 'yan santimita a shekara ba, kamar tsirar farce, amma cikin kimanin shekara 500,000 fuskar filin takan sabunta. A bakin kwarin kuma an ga koguna na wannan ƙanƙara suna gangarowa daga tudu ta cikin kwazazzabai.

Tsaunuka suka kawo wata tambayar. An ga wasu da tsayinsu ya kai mita 3,500, sun fi Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Nijeriya da mita 2,419. Naitirojin da metan ba za su iya ɗaukar irin wannan nauyi ba, za su zube kamar ginin da aka yi da ɗanyen laka. Abu ɗaya ne a wajen mai wannan ƙarfin, wato ƙanƙarar ruwa, wadda a digiri 230 ƙasa da sifili take da taurin dutse. Na'urar tsefe haske ta kumbon ta tabbatar da haka a wuraren da ƙanƙarar ruwan ta leƙo fili. Ruwa shi ne giranit ɗin Fuluto, shi ne Kufenanta.

A bakin arewa maso yamma na wannan kwari akwai tarin manyan ƙosassun tsaunuka a hargitse, kamar an farfasa gaɓa an tura ta gefe. Ƙanƙarar ruwa ba ta kai ta naitirojin nauyi ba, saboda haka masana suna ganin ɓallayen sun yi iyo ne a kanta kafin su taru a nan, yadda ƙanƙara ke yawo a saman bokitin zoɓo. A 2017 aka tabbatar musu da suna Al-Idrisi, don tunawa da Muhammad al-Idrisi, masanin taswira da ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a tsibirin Sisili a 1154, ya kuma ambaci Gana da Kaukau da Kanem a ciki. Mutumin da ya tattara labarin ƙasashen Sudan daga bakin matafiya, ba tare da ya taka yawancinsu ba, shi ne yanzu sunansa ke kan duwatsun ruwa a wurin da babu wanda ya taka.

Metan ma tana da nata yankin. A gabashin zuciyar akwai tuddai masu kaifi kamar an jera wuƙaƙe, tsayinsu ya kai ɗaruruwan mitoci, na daskararriyar metan ne. A wasu wurare kuma ta yi wa kawunan tsaunuka farar hula. Kusa da tsakiyar Fuluto akwai wani dogon yanki mai duhu, launinsa tsakanin jar ƙasa da makubar da ake yaɓe katanga da ita. Wannan ba ƙanƙara ba ce. Hasken rana mai ƙuna yana farfasa metan da naitirojin a sama, gutsattsarin su sake haɗuwa su zama wani abu mai kama da kwalta, wanda Carl Sagan ya raɗa wa suna tolin, sannan ya riƙa sauka a hankali kamar ƙurar hunturu, shekara miliyoyi.

Iskar da ke sauka ƙasa

Iskar Fuluto siririya ce, nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na iskar wannan duniya ba, kuma daga ƙanƙarar take tasowa. In rana ta ɗan ɗumama wani sashe, naitirojin ya tashi kai tsaye daga daskararre zuwa iska, ba tare da ya bi ta ruwa ba, kamar yadda kafur kan ƙare a cikin akwatin tufafi ba a ga ya jiƙa komai ba. In ya isa sashen da ke cikin duhu, sai ya sake kwanciya a ƙasa. Saboda haka ƙasa da sama a Fuluto abu ɗaya ne da ke kai da kawowa, kuma yana bin yanayi mai tsawon gaske. Shekararta ɗaya shekara 248 ce ta nan. Kafin ziyarar 2015, rabon da Fuluto ta tsaya a wannan matsayi na zagayenta tun 1767, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana yaro ɗan shekara 12, sarakunan Haɓe na mulki a Zazzau. Ta fi kusantar rana a 1989, yanzu tana nisanta, kuma ba za ta cika zagaye ɗaya tun daga ranar da aka gano ta ba sai 2178.

Irin waɗannan ƙanƙara masu saurin tashi ba kowa ke iya riƙe su ba. Sai duniyar da ke da isasshen nauyi da isasshen sanyi, in ba haka ba su tsere kamar turaren da aka bar kwalbarsa a buɗe. Charon, babban watan Fuluto da aka gano a 1978, faɗinsa kusan rabin nata ne, kuma fuskarsa kusan duk ƙanƙarar ruwa ce. Jan tabon da ke kan ƙuryarsa ta arewa ana ganin metan ce da ta tsere daga Fuluto, ta maƙale a can, rana ta gasa ta. Eris, wadda ta fi Fuluto nauyi kuma ta fi ta nisa, tana lulluɓe da metan, tana mayar da kusan duk hasken da ya sauka a kanta. Makemake ma metan ce ta rufe ta, Haumea kuwa ƙanƙarar ruwa. Babu kumbon da ya je ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun. Duk abin da aka sani game da fuskokinsu daga tsefe haske aka same shi, kuma abin da ya sa ake amincewa da shi shi ne an gwada hanyar a kan Fuluto, aka je aka tarar ta faɗi gaskiya.

Wannan ita ce amsar da tsoho ya cancanci ya ji daga bakin jikarsa, kuma da Hausa ake iya ba shi ita, da misalin gishiri a wuta, da baba a karofi, da talge a tukunya. A gindin dutsen nan akwai makarantar sakandaren kimiyya da ke ɗauke da sunan Kufena, akwai jami'a a Samaru, akwai dubban ɗalibai da ke haddace cewa abu yana zama daskararre ko ruwa ko iska. Haddar tana isa a ci jarrabawa. Fahimtar cewa iska ma abu ce mai jiki, mai nauyi, mai suna, wadda ake iya aunawa ko da ido bai gan ta ba, ita ce ke sa mutum ya fitar da janareta tsakar gida, nesa da taga, ya kuma bar kaskon garwashi a waje kafin ya rufe ƙofa a daren sanyi. Gubar da ke taruwa a ɗakin da aka toshe ita ce dai wadda aka karanta sunanta a hasken Fuluto a 1992.

Magabatan da suka kira dutsen ƙyastu da tsakuwar sama da suna ɗaya sun duba tauri ne da ƙyalli, ba su san Fuluto ba. Duk da haka kalmar da suka bari ta yi daidai da wurin da ruwa ke tsayawa tsauni mai mita 3,500. Kumbon New Horizons ya wuce wani ƙaramin jiki mai suna Arrokoth ranar 1 ga Janairu 2019, ya ci gaba da nutsawa cikin duhu, kuma ba a aika wani a bayansa ba tukuna. Kafin a sake zuwa, labarin ƙanƙarar Fuluto zai ci gaba da isowa ne ta hasken da ya bar rana, ya taɓa ta, ya juyo, wanda wani ɓangarensa ke sauka a kan Kufena cikin dare ba tare da ido ya iya ganin sa ba.